Kapural Jibo a Tsibirin Fenti

A unguwar Zango ta Damagaram an yi wani dillalin kayan da, sunansa Barmo. Kayan da ɗin a baki ne kawai. Takobin da aka ƙera jiya sai ya binne shi bayan turken awaki har ya ci tsatsa, ya tono ya sayar wa Nasara masu yawon buɗe ido, yana rantsuwa da shi kakansa ya yi yaƙi. Bai taɓa jin kunyar haka ba. Cewarsa, mutanen da suka kwashe na gaske kyauta, ai sai su biya na ƙarya.

Abu ɗaya ke ƙona masa rai a duniya, shi ne ubansa, Kapural Jibo. Tsohon sojan Faransi ne, ya tsufa har gira ta yi fari, amma ko karen Nasara ya gifta sai ya miƙe ya ƙame. An kai shi yaƙin da bai san dalilinsa ba, a ƙasar da har yau bai iya faɗin sunanta daidai ba, aka dawo da shi yana ɗingishi, aka sauke shi a tasha kamar buhun gawayi, ba wanda ya ce masa ko sannu. Duk da haka, zagi Faransi a gabansa ka ga ya nemi sanda.

"Baba, mutanen nan fa sun tafi tun ban san kaina ba," in ji Barmo.

"Rufe min baki, jahili! Ni har yau ina bakin aiki. Babu hafsan da ya sallame ni."

Ran nan aka rushe wani tsohon gidan kanti na Nasara, Barmo ya je ya kwaso tarkace. A ciki har da wani ƙaton hoto na fentin mai, gara ta fara cin gefensa. Wani tsibiri ne aka zana a tsakiyar teku, duwatsu jajaye, gidan kaso a bisa tudu, tutar Faransi na sama. Ga wani kumandan a tsaye da farar hular kwano, ga karensa. Mai zanen ya zauna ya fitar da maɓallan rigar kumandan ɗaya bayan ɗaya, har gashin kunnen kare bai bari ba. Fursunonin da ke fasa dutse kuwa, ɗigo-ɗigon baƙin fenti kawai ya yi musu, babu mai ido, babu mai baki.

Barmo ya yi tsaki ya jingine hoton a bangon rumfarsa. Kapural Jibo ya jawo kujera ya zauna gabansa, ya ƙura wa tutar ido kamar mai kallon amarya.

Da hantsi Barmo na bayan rumfa yana shafa wa wata sabuwar tukunya toka, sai ya ji busar bigila irin ta barikin soja, siririya, kamar daga cikin rijiya. Ya zagayo. Ga kujera, ga sanda, ga takalma, babu tsoho. Ya dubi hoton, sai ga wani sabon mutum a gindin tuta, ya ƙame, hannun dama a goshi, da farar gira. Fentinsa ɗanye shar, yana ƙyalli.

"Wannan tsoho shi ne ajalina," in ji Barmo. Ya kai babban yatsa ya dangwali wurin.

Rumfar ta juya, kasuwar ta ɓace. Ya faɗo tim a cikin wani kwalekwale, warin mai ya cika masa hanci. Ko'ina ya duba teku ne, amma tekun ba ya motsi. Igiyar ruwa ta taso ta tsaya a sama da kumfarta, kamar an ce mata kada ta kuskura ta sauko. Rana a gefe ɗaya take, irin ta bayan la'asar, ba ta gaba ba ta baya.

A ƙarshen kwalekwalen wata tsohuwa ce zaune da filafili a hannu, fara fat kamar toka. Ta ba shi baya. Ya leƙa ta gabanta, ya ga nan ma baya ne.

"Ya kai bil'adama," in ji tsohuwar, muryar na fitowa daga ƙeyarta, "ka shigo ƙasar da ba a shigowa da ƙafa. Ni ce Uwar Mashigi, aljanar wannan ruwa tun kafin a kafa shi da fenti. Me ka zo nema?"

"Ranki ya daɗe, wani tsoho na zo ɗauka, mara jin magana."

"Na ƙetare da shi. Bai zauna ba, a tsaye ya yi tafiyar. Ka sani, ya kai ɗan tsoho, duk wanda ya shigo nan ɗanye yake shigowa, kuma bushewa yake yi. Gaɓar da ba ta motsi ita ke fara bushewa. In bushewar ta kai zuciya, ya zama namu har ƙyallen nan ya ruɓe."

Barmo ya ji tafin ƙafarsa na ɗaurewa. Nan take ya shiga karkaɗa ƙafafu kamar mai jin fitsari.

"To, tuƙa mu mana!"

"Ba a ƙetarewa kyauta. Kuɗin ƙasarku ba ya ci a nan, launi muke karɓa. Kafirin da ya zana ni bai ga na cancanci ko ɗigon ja ba."

Barmo ya dubi rigarsa, ta koɗe. Hularsa ma haka. Sai tsohuwar ta miƙo hannu ta baya, ta sa masa yatsa a baki, ta shafe jan goron da ya yi shekaru yana tarawa a haƙoransa, ta goga a ƙeyarta. Ta yi wata 'yar dariya irin ta budurwa, ta tsoma filafili.

Suka ratsa tsakanin igiyoyin ruwa kamar masu bin lungu. Wasu baƙaƙen ƙayoyin kifi suka taso suna zagaya su. Barmo ya tsorata, ya leƙa ƙasa, ya ga ƙayoyin ne kawai, babu kifin. Mai zanen bai wahalar da kansa da abin da ke ƙarƙashin ruwa ba.

"Ko dodon nasu ma rabi ne," in ji shi.

Bai rufe baki ba sai kwalekwalen ya karkata. A gabansu teku ya ƙare, ga wani makeken rami, ba baƙi ba, ba fari ba, babu komai a cikinsa. A bakin ramin wasu halittu ne farare, kowace ta kai raƙumi, suna gatsar teku suna taunawa, ƙurus-ƙurus. Barmo ya gane su sarai, garar da ke cin gefen hoton ce. Ɗaya ta ɗago kai ta cafki bakin kwalekwalen. Ya fizge filafilin daga hannun tsohuwar ya maka mata a tsakiyar kai, ta saki, ta tafi da guntun katako a baki. Suka bi ta wani siririn zirin ruwa da ya rage tsakanin rami da rami, faɗinsa bai fi tabarma ba. Suna wucewa aka cinye shi a bayansu.

"Hanyar komawa ta tafi," in ji Uwar Mashigi, ta sauke shi a gindin jajayen duwatsu.

"Na gani, ai ba makaho ba ne ni."

Ya kama hawa. Dutsen na da santsi, yana manne wa hannu. A tsakiyar hawan ya iske fursunonin, jere da mari a ƙafa, kai kamar tulu babu fuska. Kowa da dutsensa. In ya fasa shi, sai dutsen ya haɗe, ya sake ɗaga guduma. Barmo ya yi musu sallama. Murya ta amsa daga ƙirjin wani, da Hausar mutanen da.

"Daga ina, ɗan samari?"

"Damagaram."

Gudumar ta tsaya a sama. "An yi ruwa bana?"

"An yi, baba. Me ka yi aka kawo ka nan?"

"Raƙumina suka ce in bayar, na ce a'a. Wancan Bambara ne, ƙin aikin hanya ya yi. Na bayansa Balarabe ne. Akwai ma waɗanda ban taɓa jin irin yarensu ba. Mun mutu tuni a tsibirin gaske, amma mai zane ya riga ya kama mu a nan. Ko kabari ba mu huta a ciki ba."

Bulala ta tsaga iska, gudumar ta sauka. Mai bulalar ya tako. Wani baƙin aljani ne, kansa ya kusa kai tsayin tuta, amma an cusa shi cikin gajeren wandon kaki da jar hular dara, ya rusuna har ya yi doro saboda yawan durƙuso.

"Tsaya nan, ya kai mai fuska! Ni ne Jangare ɗan Jangare, wanda ya mallaki tsibirin nan da iskarsa da tsuntsayensa kafin zuwan jirage. Yau ni ne tafintan Kumandan, mai riƙe masa bulala. Faɗi buƙatarka."

Barmo ya dube shi sama da ƙasa, yana ta tsalle daga ƙafa zuwa ƙafa.

"Kai ne sarkin aljanun wurin nan? Da wannan wandon?"

Idon Jangare ya yi ja kamar garwashi, sannan ya mutu. "An zana ni a haka, a haka nake. Dokar ƙasar nan ɗaya ce: abin da ya fito daga bakin Kumandan shi ne yake tabbata. Ya ce ni tafinta ne, kuma ya ce kada in taɓa yi masa ƙarya. Wuce, tsohonka na gindin tuta."

Kapural Jibo na nan a ƙame. Hannun daman da ke goshi ya riga ya daina ƙyalli, ya yi tauri tun daga yatsu har gwiwar hannu, bushewar tana hawa kafaɗa.

"Baba, sauke hannun nan mu tafi."

Tsohon bai ko juyo ba, ta gefen baki ya yi magana. "Wa ya ba ka izinin shigowa bariki? Dubi yadda kake rawa kamar ɗan bori."

"Bushewa kake yi! Dutse za ka zama!"

"Soja ba ya barin inda aka tsayar da shi sai hafsansa ya sallame shi."

Barmo ya rungume shi ta ƙugu zai saɓa, ya ji kamar yana jan kuka da saiwarta. Ya zage shi a zuci, ya zagi Faransi a fili, duk a banza.

Sai ga ƙarar takalmi. Kumandan ya fito daga gidan kaso, kare na biye. Ta gaba kyakkyawa ne, ja-jawur, gashin baki a murɗe, maɓallai na walƙiya. Da ya ɗan juya, Barmo ya ga ashe falle ɗaya ne kamar faifai, bayansa zaren ƙyalle ne tsura. Jangare ya zube ƙasa ya buɗe baki zai fassara, Kumandan ya zungure shi da sanda.

"Shiru, kai! Ni sani Hausa. Ni zauna ƙasar baƙi da yawa. Kai, mutum, me kina so?"

Barmo ya yi shekaru yana cin abinci da irin waɗannan. Ya san babu Nasaran da ya fi sauƙin yanka kamar wanda ya iya sannu da ina kwana, yake ganin ya gama sanin mutane. Ya faɗi ya yi gaisuwa, yana karkaɗa gindi don kada ya bushe.

"Allah ya ja zamanin Kumandan! Giwa mai hular kwano! Wallahi da na ji muryarka daga nesa na ɗauka wani basaraken Damagaram ne ke magana."

Gashin bakin Kumandan ya motsa don daɗi. "Ka ji, tafinta? Ni ce maka."

"Labarinka ne ya kawo ni, ranka ya daɗe. A can ana ta gardama. Wasu sun ce babu Bature mai Hausa kamarka. Wasu sun ce ƙarya ne, tafintanka ke yi maka komai, ko gaisuwar sarakuna ba ka sani ba."

"Wa ta ce? Ni sani gaisuwa! Sanu. Sanu da aiki. Salamaleku."

"Ka gani, sallama ma ka iya ta. Amma wannan ta talakawa ce, ko mai tallan goro yana yi. Ta sarakuna dabam take. Sarki ne ke hawa bisa tudu, ya tara jama'arsa kaf, ya yi musu sallama da bakinsa, su kuwa su faɗi ƙasa. Na yi mamaki da tafintanka bai koya maka ba. Ko dai don kansa yake ajiye ta?"

Kumandan ya harari Jangare. "Faɗa mini ita, mutum."

"Kalma huɗu ce, ranka ya daɗe. Na, sallame, ku, duka."

Kapural Jibo ya yi wani ƙaramin tari. Jangare ya ɗago kai a hankali, ya dubi Barmo.

Kumandan dai ba a banza ya tsufa cikin zargi ba. Ya ɗora sanda a wuyan aljanin. "Tafinta, kai ba ya ƙarya gare ni. Wannan magana, salame, daga salama ne?"

Barmo ya ji bushewa ta kama masa idon sawu, don ya manta da rawa. Ya dubi ubansa, ya ga taurin ya haye kafaɗa yana gangarowa ƙirji. Jangare ya dubi marin fursunoni, ya dubi wandon kakinsa. Kalmar nan ta ƙarshe, duka, ita yake juyawa a ransa.

"Ya shugabana," in ji shi, "daga sallama take. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

"Sarakuna suna faɗi?"

"Sarakuna ne kaɗai ke da ikon faɗinta, ya shugabana. Talaka bai isa ba."

"To me ya sa kai ɓoye mini? Ɓarawo! Busa bigila!"

Aka busa. Fursunoni suka taru suna jan mari, tuli guda, kawuna babu fuska. Kumandan ya hau dutse mafi tsawo, ya gyara hula, ya murɗa gashin baki, ya buɗe hannuwa kamar mai raba sadaka.

"Na salame ku duka!"

Marin farko ya faɗi, sauran suka bi, ƙarar ta cika tsibirin. Igiyar ruwan da ta daɗe a tsaye ta rushe da rugugi. Fuskoki suka fara tsirowa a kan fursunoni, ido, hanci, tsagar gado, furfura. Mai raƙumin nan ashe dogo ne mai wushirya. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya yi hamdala, ya dubi gabas. Sai suka yi ta tashi kamar hayaƙin girki, kowa ya nufi ƙasarsu.

"Me? Me ya faru? Koma aiki! Tafinta!"

Jangare ya miƙe. Doron ya warware, wandon kaki ya yage, jar dara ta faɗa teku. Kansa ya shige gajimare, muryarsa ta sauko daga can.

"Ga fassarata ta ƙarshe, kuma kyauta ce. Cewa ka yi ka sake mu, babu sauran mai yi maka aiki. Abin da ya fito daga bakinka kuwa ya tabbata, ko kai ba ka isa ka mayar da shi ba."

Kumandan ya koma yarensu yana ta ihu, babu mai ji sai kare.

Kapural Jibo kuwa hawaye ne ke bin kumatunsa. Ya buga ƙafa ɗaya, ya yi godiya da yaren Faransi, "Marsi, mon kumandan." Ya juya irin ta soja, ƙafafunsa suka saki ƙasa, ya faɗo jikin ɗansa.

"Ya kai maƙaryaci ɗan mai gaskiya," in ji Jangare, "teku ya cinyu, kwalekwale ba zai fita ba. Ku hau tafina." Ya ɗauke su kamar ƙwayar gero, ya ɗauki Uwar Mashigi ya ɗora a kafaɗa, ya wurga Barmo da ubansa ta cikin ramin da gara ta ci.

Suka faɗo cikin rumfa a kan tulin tukwane. Kasuwa na ci, ladan na kiran azahar. A cikin hoton babu kowa sai Kumandan bisa dutse, baki a buɗe, da karensa. Barmo ya ciro ƙusa da guduma, ya kai hoton gida ya buga a ƙofar makewayi, inda dama ake neman abin tarewa.

Sannan ya zaunar da tsohon a tsakar gida, ya kawo kananzir da tsumma. Ƙirji ya wanku, kafaɗa ta saki. Amma daga gwiwar hannu zuwa yatsu abin ya riga ya gama. Ya murza, ya jiƙa da ruwan zafi, ya shafa man shanu, ya ja da ƙarfi har tsohon ya yi ƙara. Hannun na nan a goshi, busasshe kamar reshen gawo.

Aka kawo tuwo da miyar kuka. Kapural Jibo ya dubi kwanon, ya dubi hannun hagunsa, ya mayar da shi bayansa. Mutumin da ya kai shekarunsa ba zai fara cin tuwo da hagu a gaban jikoki ba, gara ya kwana da yunwa. Barmo ya daɗe yana kallonsa. Ya yi tsaki, ya jawo buta ya wanke hannu, ya gutsuro loma ya dangwali miya.

"Ka dai gani da idonka," in ji tsohon. "Ka ce ba su san mutunci ba. Da bakinsa ya sallame ni, a gaban jama'a, kuma da Hausa."

"Na gani, Baba."

"Babban hafsa ne. Irinsu ba su da yawa."

"Haka ne. Buɗe bakin, miya na zuba."